Shin Sirrin Hayyacin Ɗan'adam Yana Cikin Kwantum?

Shekarun baya an yi mini tiyata a ciki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan rana shi ne ɓangaren da ban halarta ba. Likitan sa barci ya ɗaura mini ruwa a hannu, ya ce, "Malam, ƙirga mini daga ɗaya zuwa goma." Na tuna na kai huɗu. Sai kawai na ji muryar ƙanwata tana cewa, "Yaya, sannu, ai an gama," alhali ni ina shirin furta biyar. Agogon bango ya nuna awa biyu da rabi sun shuɗe. Wanda ya yi barcin dare yakan farka da ɗan kintacen tsawon lokacin da ya ɗauka, ya san ko ya daɗe ko bai daɗe ba, amma ni ko wannan ban samu ba, domin an datse wani yanki na rayuwata an haɗa baki da baki, kamar yadda tela ke rage tsawon wando. A tsawon wannan lokaci zuciyata ba ta tsaya ba, ƙwaƙwalwata ma ba ta daina aiki ba, tana ta kula da abubuwa da yawa na jiki, sai dai babu wanda ke ciki yana ji.

Wannan abin da ya ɗauke ya kuma dawo shi nake nufi da hayyaci a wannan rubutu, wato kasancewar akwai wani a cikin jiki wanda yake jin zafi, yake ganin launi, kuma ya san cewa shi ne yake ji. Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da aka nuna wa jama'a tiyata ta farko da iskar sa barci mai suna ita (ether) a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, likitoci suka iya kashe wannan fitila su kuma kunna ta, kuma yau ana yin haka a kowane babban asibiti ba tare da wani ya ɗauke shi abin mamaki ba. Amma har gobe masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba game da yadda tsokar da nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, mai ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, wadda wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan lantarki mai wat 20 ba, take haifar da wanda ke cewa "ni". A wannan giɓi ne wasu masana suka shigo da kimiyyar kwantum, kuma ta wannan ƙofar ne 'yan talla da masu neman hujjar gaggawa suka bi bayansu. Ra'ayina shi ne tambayar halattacciya ce, ta cancanci a kashe mata kuɗi da lokaci a ɗakunan gwaji, amma hujjojin da ke hannu yau ba su kai a ce wa jama'a an gano komai ba, kuma ko da gobe an tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa tana amfani da kwantum, tsugune ba ta ƙare ba.

Kwantum reshe ne na ilimin fiziks da ke bayanin halayyar abubuwa mafi ƙanƙanta, irin su ƙwayar zarra da ilektiron da ƙwayar haske. Max Planck ne ya buɗe ƙofarsa a Jamus a 1900, sannan Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 suka ba shi tsarin lissafin da ake aiki da shi har yau, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2025 don bikin cikarsa shekara 100, bisa ƙudurin da ƙasar Ghana ta gabatar. Abu biyu ne a cikinsa suka fi ɗaure kai. Ilektiron yana iya kasancewa cikin hali biyu lokaci guda muddin babu abin da ya taɓa shi, sai an auna shi sannan a same shi a ɗaya. Haka kuma ƙwayoyi biyu suna iya sarƙewa da juna ta yadda sakamakon awon ɗaya zai dace da na ɗayar komai nisan da ke tsakaninsu, kuma gwaje-gwajen da suka tabbatar da wannan ne suka kawo wa Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022. Duk wannan tabbataccen ilimi ne, kuma da shi aka ƙera ƙwaƙwalwar wayar da ke hannun mai karatu.

Saboda haka idan wani ya ce akwai kwantum a ƙwaƙwalwa, ta wata fuskar bai faɗi komai ba, domin duk wani haɗi tsakanin zarra da zarra dokar kwantum ce ke riƙe da shi, a cikin ƙwaƙwalwa ne ko a cikin tuwon masara. Abin da ake jayayya a kai ya fi wannan zurfi: shin ƙwaƙwalwa tana iya riƙe waɗancan halaye masu rauni, na kasancewa biyu a ɗaya da na sarƙewa, har tsawon lokacin da za ta yi wani aiki da su? Ilimin jijiya na yau an gina shi ne ba tare da buƙatar hakan ba. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka yi bayanin yadda saƙo ke gudana a jijiya, bayan sun yi gwaji da wata katuwar jijiya ta wata dabbar teku, suka nuna cewa shiga da fitar sinadaran sodiyam da fotashiyam ta ƙananan ƙofofi ne ke haifar da bugun lantarkin, kuma lissafinsu na lantarki ne na yau da kullum. A kan wannan tubali aka fahimci farfaɗiya, aka kuma haɗa magunguna da yawa da ke aiki. Duk wanda ya ce akwai wani bene a ƙarƙashin wannan gini, shi ke da nauyin nuna matakalar.

Wanda ya fi kowa ɗaukar wannan nauyi shi ne Roger Penrose na Jami'ar Oxford, masanin lissafi da fiziks wanda ya samu kyautar Nobel a 2020. Yana da kyau a faɗa tun da wuri cewa an ba shi kyautar ne saboda aikinsa kan baƙin rami na sararin samaniya, ba ta da alaƙa da abin da ya ce game da hayyaci, domin sau da yawa ana ambaton kyautar ne don a rufe bakin mai tambaya. A littafinsa na 1989 Penrose ya faro ne daga wani sakamako da Kurt Gödel ya tabbatar a 1931, cewa duk wani tsarin ƙa'idojin lissafi mai ƙarfi wanda bai saɓa wa kansa ba yana ɗauke da maganganu na gaskiya waɗanda ba za a iya tabbatar da su daga cikinsa ba. Penrose ya ce tunda masanin lissafi yana iya hango gaskiyar irin waɗannan maganganu, to fahimtar ɗan'adam ta wuce bin ƙa'ida mataki-mataki irin na kwamfuta, kuma dole ne a sami wani abu a dokokin halitta da kwamfuta ba za ta iya kwaikwayo ba. Ya nemi wannan abu a wurin da kwantum ya fi duhu, wato lokacin da hali biyu ke komawa ɗaya. A ganinsa ba sai wani ya auna ba: idan abu mai nauyi ya kasance a wuri biyu, to ya lanƙwasa sarari da lokaci ta siga biyu, wannan kuwa ba ya ɗorewa, sai ya yanke da kansa ya zauna a ɗaya, kuma gwargwadon yawan nauyin gwargwadon saurin yankewar.

Abin da Penrose ya rasa shi ne wurin da wannan zai faru a cikin kai, sai Stuart Hameroff, likitan sa barci a Jami'ar Arizona, ya kawo masa. A cikin kowace ƙwayar jijiya akwai wasu siraran bututu da aka gina da furotin mai suna tubulin, faɗin kowanne nanomita 25 ne, wato sai an jera wajen 3,000 gefe da gefe kafin su kai kaurin gashin kai guda. Hameroff ya daɗe yana ganin cewa waɗannan bututu sun wuce ginshiƙai da hanyoyin dakon kaya kawai, kuma yakan kafa hujja da wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya tak da ke iyo a ruwa, suna kauce wa cikas suna neman abinci alhali ba su da jijiya ko guda. A tsakiyar shekarun 1990 suka haɗa ra'insu: tubulin masu ɗimbin yawa suna shiga halin kwantum tare, halin yana girma har ya kai mizanin Penrose ya yanke, kuma kowace yankewa ita ce ƙyaftawar hayyaci guda. Na yarda cewa ra'i ne mai kyawun gini, kuma yana da wata daraja da ra'ayoyi da yawa a wannan fage ba su da ita, domin ya faɗi abin da za a iya aunawa a ƙaryata shi.

Sai dai tun daga tushe akwai tsaga. Masana mantiƙi irin su Hilary Putnam da Solomon Feferman sun soki yadda Penrose ya yi amfani da sakamakon Gödel, kuma jigon sukar mai sauƙin fahimta ne. Mutum yana hango waccan gaskiya ne kawai idan ya tabbata cewa tsarin da yake magana a kai bai saɓa wa kansa ba, kuma babu wanda ya ba ɗan'adam wannan tabbaci game da nasa tunanin. Gottlob Frege ya shafe shekaru yana gina harsashin lissafi da yake ganin babu kuskure a ciki, sai ga wasiƙar Bertrand Russell a 1902 ta nuna masa cewa ginin yana cin karo da kansa. Idan haziƙi irin wannan yana iya yin imani da abin da ya saɓa wa kansa, ban ga dalilin da zai sa a ɗauka cewa hangen masanin lissafi wata taga ce da babu ƙura a jikinta ba.

Suka mafi nauyi ta fito ne daga fiziks ɗin kansa. Halin kwantum yana da tsananin rauni, da zarar ƙwayar iska ko ta ruwa ko ɗan zafi ya taɓa shi sai ya watse cikin abin da ke kewaye da shi. Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Google da IBM suke sanya kwamfutocinsu na kwantum cikin na'urorin sanyi da ke kai su kusa da digiri 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin da ke tsakanin taurari, su kuma killace su daga duk wata girgiza, amma duk da haka halin ba ya daɗewa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana kan digiri 37, a jiƙe take sharkaf da ruwan gishiri, ko'ina cikinta ƙwayoyi ne ke ta karo da juna. A shekarar 2000 masanin fiziks Max Tegmark ya zauna ya lissafa tsawon lokacin da halin kwantum zai iya rayuwa a cikin waɗancan bututu, ya samu abin da bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na sakan ba, alhali bugun jijiya guda yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Don a gane girman tazarar, a ƙaddara cewa halin kwantum ɗin yana rayuwa sakan ɗaya cur. A wannan ma'auni bugun jijiya guda zai ɗauki fiye da shekara 300. Hameroff da abokan aikinsa sun mayar da martani a 2002, suka ce Tegmark ya lissafa wani abu ne daban da wanda suke nufi, kuma da suka gyara sai suka samu lokaci mai tsawo sosai fiye da nasa, wajen kashi ɗaya cikin 10,000 na sakan. Ko da an karɓi wannan adadi yadda yake, bai kai abin da ra'insu na farko ya buƙata ba.

Adalci ya wajabta a ce hujjar zafi da jiƙa ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, domin halittu sun sha ba masana mamaki. Misalin da ya fi burge ni shi ne na ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da dare, irin waɗanda ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara, wasunsu su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. An daɗe da sanin cewa suna jin maganaɗisun ƙasa, kuma bayanin da ya fi samun karɓuwa, wanda Klaus Schulten ya fara kawowa a 1978, na kwantum ne: haske yana faɗawa kan wani furotin a idon tsuntsun, ya raba ilektiron biyu waɗanda juyinsu (wata siffa ta kwantum mai sa ƙwaya ta zama kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu) ke ɗaure da juna, kuma maganaɗisun ƙasa yana ɗan karkata abin da zai biyo baya. A 2021 masu bincike daga Oldenburg ta Jamus da Oxford suka nuna a ɗakin gwaji cewa wannan furotin na wani ƙaramin tsuntsun Turai mai jan ƙirji yana amsa maganaɗisu kamar yadda aka yi hasashe. Amma a lura da girman abin. Ilektiron biyu ne, a cikin furotin guda, na kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Tsakanin wannan da biliyoyin tubulin da ke riƙe da hali ɗaya a faɗin ƙwaƙwalwa akwai tafiya mai nisa. Akwai kuma darasi a labarin ganyen tsiro da ƙwayoyin halitta masu cin hasken rana: a 2007 wani gwaji a Berkeley ta Amurka, wanda aka yi cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya sa jaridu suka yi ta shelar cewa tsirrai suna lissafin kwantum, sai a 2020 gungun masana na fagen suka sake duba hujjojin suka ce yawancin alamun da aka gani girgizar ƙwayoyin sinadari ce, kuma halin kwantum ɗin yana mutuwa da wuri fiye da yadda zai yi amfani. Shelar farko ta zagaya duniya, gyaran kuwa ya tsaya a mujallun masana.

Shi ma ra'in Penrose an kai shi gaban alƙali. A ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya akwai ɗakin gwaji da ke da kusan mita 1,400 na dutse a samansa, wanda ke tare hasken da ke zubowa daga sararin samaniya. Masanin fiziks ɗan ƙasar Hungary, Lajos Diósi, ya riga ya tsara wani lissafi mai kama da na Penrose, kuma bisa wannan lissafi idan nauyi ne ke yanke halin kwantum, to ya kamata ƙwayoyi masu caji su riƙa ɗan karkarwa suna fitar da wani raunannen haske. Aka killace wani dunƙulen sinadarin jamaniyam, wanda ke gano irin wannan haske, cikin tagulla da dalma, aka saurara kusan wata biyu, ba a ga hasken da ake jira ba, kuma sakamakon da aka buga a 2020 ya kore mafi sauƙin siga ta wannan ra'i. Penrose ya ce tasa sigar ba ta buƙatar fitar wannan haske, kuma yana da damar faɗin haka, sai dai ra'in da ke ja da baya duk lokacin da aka matso shi da ma'auni yana rage wa kansa daraja ne a hankali.

A ɗaya ɓangaren akwai sakamako biyu da ba na iya yin watsi da su. A 2024 wasu masu bincike a Kwalejin Wellesley ta Amurka suka ba beraye wani magani da ke manne wa waɗancan bututu ya ƙarfafa su, sai berayen suka ɗauki ƙarin sakan 69 a matsakaici kafin iskar sa barci ta kayar da su. Wannan ya nuna cewa bututun suna da hannu a yadda maganin ke aiki, amma bai nuna kwantum ba, domin bututun su ne hanyoyin da ake dakon kaya a cikin ƙwayar jijiya, kuma duk wanda ya taɓa hanya ya taɓa kasuwa. Na biyun ya fi ɗaure kai. Iskar zinon tana sa barci, kuma tana da nau'o'i da sinadarinsu ɗaya ne, bambancinsu yana can cikin cibiyar zarra, inda wasu ke da juyi irin na kwantum wasu kuma ba su da shi. A 2018 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahoton cewa nau'o'in da ke da juyin sun fi rauni wajen sa beraye barci. A ilimin sinadarai na yau da kullum bai kamata a ga wannan bambanci ba. Matthew Fisher na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya bi irin wannan hanya a 2015, inda ya ce idan akwai abin da zai iya riƙe halin kwantum a cikin jiki mai ɗumi, to juyin cibiyar zarrar fosfaras ne, saboda a ɓoye yake daga hayaniyar da ke kewaye. Idan ɗakunan gwaji daban-daban, waɗanda ba su da wani buri a cikin sakamakon, suka maimaita gwajin zinon suka samu abu ɗaya, zan sauya matsayina game da rawar kwantum a aikin ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba.

To amma a nan gizo ke saƙar. A ƙaddara an tabbatar da komai, an ga tubulin suna shiga hali biyu suna yankewa daidai yadda aka faɗa. Me ya sa wannan yankewa za ta zama ƙamshin ƙasa a daren ruwan farko, ko raɗaɗin yaji a harshe, ko nauyin da ke sauka a ƙirji idan aka aiko da labarin rasuwa? Wannan ita ce tambayar da masanin falsafa David Chalmers ya kira matsala mai wuya a taron da aka yi a Tucson ta Amurka a 1994, kuma tana nan daram ko an ce bugun jijiya ne ko an ce yankewar kwantum ce, domin dukansu bayanin abin da ke faruwa ne idan an leƙa daga waje. Penrose da Hameroff sun ce kowace yankewa tana ɗauke da ɗan ɓurɓushin ji tun asali, wanda ke nufin sun sanya amsar cikin tambayar ne da hannunsu. Ina zargin cewa abin da ke jan mutane zuwa wannan ra'i shi ne kwantum abin al'ajabi ne, hayyaci ma abin al'ajabi ne, sai zuciya ta ce ai dangi ne. Baƙi biyu da suka sauka a gari rana ɗaya ba lalle ne gari ɗaya suka fito ba. Sauran ra'ayoyin ma ba su tsira ba: a 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi caca da Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 ya amsa a gaban jama'a a birnin New York cewa ya faɗi.

Akwai masu ganin cewa kwantum ya ceto zaɓin ɗan'adam daga hannun dokokin halitta, tunda sakamakon awo ba ya ƙayyaduwa tun kafin a yi shi. Ban ga ceton ba. Wanda ayyukansa ke fitowa daga jefa ɗan lido bai fi wanda aka ɗaure 'yanci ba, kuma babu alƙalin da zai kama mutum da laifin da ƙuri'a ta zaɓa masa.

Abin da ya fi damuna a wajenmu shi ne yadda nake jin wasu masu kyakkyawar niyya suna cewa kimiyyar kwantum ta tabbatar da ruhi. Hameroff da kansa ya ba da ƙofar haka, domin a 2012 ya haɗu da Deepak Chopra, marubucin littattafan ruhaniya, suka yi rubutu kan yiwuwar wani ruhi na kwantum da zai iya wanzuwa bayan mutuwa, maganar da babu gwaji ko ɗaya a bayanta. Mai wa'azin da ya ɗauki wannan ya hau mumbari da shi bai lura da abin da ya saya ba. Ra'in Penrose ra'i ne na zahirin halitta tsantsa, yana cewa hayyaci yana fitowa ne daga nauyin furotin da lanƙwasar sarari, don haka wanda ya kira wannan ruhi ya mayar da ruhi abin da ake aunawa da jamaniyam a ƙarƙashin dutse. Idan kuma gwaji na gaba ya ƙarasa rusa ra'in, me zai gaya wa matashin da ya gina yaƙininsa a kai? Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta sanar da Musulmi cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji kuma ilimin da aka ba mutane kaɗan ne, wannan matsayi kuwa ba ya jiran sakamako daga Italiya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, misali ne mai amfani a nan. Ya ce a ƙaddara mutumin da aka halitta yanzu-yanzu yana shawagi a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai daga waje. Duk da haka, in ji shi, zai tabbatar da cewa shi yana nan. Masana falsafa suna tattauna wannan misali har yau. Amma shi Ibn Sina ɗin ya bi likitancin zamaninsa ya rarraba tunani da hasashe da tuni a cikin kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma wannan ɓangaren na maganarsa ilimin jijiya ya daɗe da ajiye shi.

Sai kuma kasuwa, inda kalmar kwantum ta fi yin ɓarna. Tushen ruɗanin shi ne kalmar "mai lura" da masana fiziks ke amfani da ita. Ɗaya daga cikinsu, Eugene Wigner, ya taɓa cewa a 1961 hankalin mai kallo ne ke yanke halin kwantum, daga baya ya janye, kuma a aikin yau da kullum na fiziks duk abin da ya yi mu'amala da ƙwayar ya isa, ko na'ura ce ko ƙwayar iska. Amma maganar da ya janye ita ce ta yi tsawon rai, ta zama da'awar cewa tunaninka yana sarrafa duniya, ta zama sarƙoƙin wuya da duwatsu da faifan gilashi da ake cewa suna gyara ƙarfin jiki. A Disamban 2021 hukumar kula da lafiyar nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a game da wasu irin waɗannan kayayyaki, har da wani abin wuya mai ɗauke da sunan kwantum, bayan ta gano cewa suna fitar da tururin nukiliya mai iya cutar da wanda ya daɗe yana sanye da su.

Ni kuwa a falon gwaggona na gamu da nawa rabon. Na tarar da wani saurayi cikin kwat da taye, ya buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka, ya haɗa ta da wani ƙaramin akwati mai sandar ƙarfe, yana cewa, "Hajiya, riƙe nan da kyau, kada ki yi magana, minti ɗaya kawai." Ba a ɗibi jini ba, ba a karɓi fitsari ba, amma da mintin ya cika sai ga shafuka sun fito da jan rubutu da kore a kan hanta da ƙoda da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ya ce na'urar kwantum ce, tana karanta igiyoyin da ƙwayoyin jiki ke fitarwa, kuma Allah ya sa yana tafe da magungunan da suka dace a jakarsa. Na lura cewa kafin ya fara sai da ya shigar da shekarunta da tsawonta da nauyinta. Na roƙe shi ya gwada ni, ya gwada, aka ce ƙodata tana da rauni. Na bari aka sha ruwa aka taɓa hira, sannan na ce ya sake, amma wannan karon na rage wa kaina shekara 15. Ƙodar ta warke, sai dai an samu matsala a ido. Ya ce ai jiki yana sauyawa kowane lokaci, haka kwantum yake. Gwaggo ta dube shi ta dube ni, ta ninke takardarta ta tura ƙarƙashin filo, ta ce, "Kai dai ka cika gardama tun kana yaro. Ranar Litinin ka zo ka kai ni asibiti a ɗibi jinin."